Ɗan Fari Ma Uwa Ce Ta Haife Shi

In ka fito daga tashar Gwarzo ka miƙa hanyar Kabo, kafin ka bar gari akwai wani gidan mai da aka fara ginawa aka watsar. Kango ne, ba ƙofa ba taga, rabi da rufi rabi sararin Allah. Kusa da shi akwai gidan ƙasa mai babban zaure, da murhu a ƙofa. Nan ne gidan Gwaggo Ikilima mai koko da ƙosai. Labarinta zan ba ku. Wanda ya zo neman labarin masu rabon shinkafa gaban kyamara ya ƙara gaba, nan ba a ɗaukar hoto.

Ita 'yar Madadi ce, aure ya kawo ta Gwarzo. Mijinta Malam Sharfaddeen gyaran keke yake yi a bakin kasuwa har Allah ya karɓi abinsa. 'Yarta ɗaya ce ta rayu, Zulaihat, tana aure a Kabo. Karatun Gwaggo kuwa allo ne, sai ajin yaƙi da jahilci da ta leƙa da girmanta, ta fito da baƙaƙen boko da ƙirga da rubuta sunanta a karkace. Abin da Allah ya ba ta da yawa murya ce. Yaran unguwa Lasifika suke ce mata, a bayan idonta dai, don in ta ƙwala maka kira daga bakin murhu har na cikin masallaci sai ya waiwayo.

Shekarun nan da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a can ɓangaren Katsina, wasu iyalai suka gangaro suka sauka a kangon nan. Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo. Shanun sun tafi, gonakin sun tafi, mazan ma da yawa sun tafi. Mata ne da yara, sai 'yan dattawa. Da kaka ta yi, a-kori-kura take zuwa da sassafe ta kwashi matan zuwa gonakin Gammo ko Lakwaya, cirar gyaɗa, roron wake, duk abin da ya samu. Sai yamma liƙis su dawo.

Wata safiya Gwaggo tana tsaka da suya, sai ga wata mitsitsiyar yarinya ta rarrafo daga wajen kangon, kai tsaye sai kaskon mai. Saura ƙiris. Gwaggo ta fizge ta, mai ya fantsamo mata a hannu. Ko ta kan ƙunar ba ta bi ba, ta saɓi yarinyar ta nufi kangon tana masifa, tana neman uwar da za ta wanke tas. Ba ta sami uwa ko ɗaya ba. Yara ta tarar a ɗaki, an tare bakin ƙofar da tsohon kwanon rufi da dutse, babbar cikinsu ko famfara ba ta gama ba. Ita ce mai gadi, ita ce mai raino. Ta ƙarƙashin kwanon ƙaramar ta sulale.

Da yamma da matan suka sauko daga mota, Gwaggo ta tare su a titi. Ta faɗa, ta faɗa, har masu shayi suka miƙe kallo. Da ta tsagaita don ta ja numfashi, wata daga cikinsu ta ce, da irin maganarsu ta yamma:

"To Gwaggo, mi za mu yi? In ba mu tahi ba, mi za su ci?"

Mutanen unguwa sun ce ranar suka fara ganin an kashe bakin Lasifika. Ta dubi matar ta ce:

"Gobe ku kawo min su zaure. Amma kowacce ta wanke wa ɗanta ido tukuna, ba na karɓar yaro da kwantsa."

Haka makarantar ta fara, in ma makaranta za ku kira ta. Ni dai haka nake kiranta, wanda bai yarda ba ya buɗe tasa mu gani.

In ta sallami masu saye, ƙasan tukunyar koko da gutsattsarin ƙosai na yara ne. Amma ba mai taɓa kofi sai ya bi layin buta ya wanke hannu da sabulun salo. Mai ƙazwa a shafa masa magani, mai kwarkwata a zauna a kansa. Daga nan sai karatu. Bangon zauren ya zama allo, gawayi ya zama alli. Ƙirga da marafan kwalbar lemo ake yi. A biya Fatiha, a biya baƙaƙe, a yi waƙa da tafi, a fita tsakar gida a yi tsalle har a gaji. In rana ta take, kowa ya kwanta a tabarma, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana tsince geron gobe, ƙafarta a miƙe ta tare hanya.

Ba kowa ya so ba. Maƙwabta suka ce za a kwaso musu cuta. Wani matashi da ke zuwa sayen koko ya taɓa cewa:

"Gwaggo, an buɗe nasare ke nan? Ina yunifom ɗin?"

Ta ce, "Kai da ka sa yunifom ɗin, ga ka nan a layin koko ɗaya da su. Miƙo kofinka, kana tsare min ɗalibai."

Abin da ya fi ba ta wahala a farko sunaye ne. Mutanen nan suna da alkunya sosai, kusan kowane yaro sunan wani babba aka sa masa, sai a ɓoye sunan a kira shi da wani. In ta ce Ummi, kawuna su ɗago ta ko'ina. In ta ce Datti, haka. Dole ta ƙara musu laƙabi: Ummi Baƙa, Ummi Mai Kuka, Datti Dogo. Sai kuma wanda ta sa wa Datti Shiru, wanda saboda shi nake wannan rubutun.

Yaron bai kai shiga firamare ba. Ba kurma ba ne, yana ji sarai. In an ce a ɗauko marfi uku zai ɗauko uku. Amma magana, sai a wuni bai ce uffan ba. Kullum da safe wata matashiya mai suna Sa'adiya takan kawo jaririyarta Mansura, ta kwance ta daga baya ta miƙa wa Gwaggo. Shi kuma Datti yana biye da ita daga nesa, kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Ba ta riƙe masa hannu, ba ta kallonsa. Amma da yamma sai ta kwance bakin zanenta ta zubo gyaɗa ta ce, "A ba yara," idonta kuma sai ya fizga wajen da yake.

Gwaggo ba yarinya ba ce. Wata rana ta ce:

"Ke Sa'adiya, wannan na waye?"

"Na Inna ne."

"Wace Innar?"

"Ta rasu da damina."

"Allah ya jiƙanta. Kafin ta rasu, ita ta yi naƙudarsa?"

Sa'adiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi waje da sauri.

Ɗanta ne na fari. Kun san yadda abin yake, a wajensu ma ya fi namu tsanani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta goya shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ba ta sa baki a maganarsa. Tun da aka yaye Datti kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. A bayanta ya girma, ita yake ce wa Inna. Sa'adiya kuwa Adda yake ce mata, kamar yayarsa. A ƙauye wannan tsari lafiya lau yake tafiya, don yaro yana da inda zai kwantar da kai. Amma an kashe ubansa ranar da aka tashi garinsu, kakar kuma ta iso Gwarzo da ƙyar, zazzaɓin damina ya tafi da ita. Sai aka bar yaro a jikin bango inda tabarmarta take, uwarsa tana taku kaɗan daga shi, tana tura masa abinci ta hannun wasu tana cewa, "Miƙa wa wancan."

Sai maganar Alhaji Uwaisu ta taso. Dillalin hatsi ne a kasuwar Gwarzo, kuma kar wani ya zage shi a nan, mutumin kirki ne. Shi ne ma yake aiko wa zauren gero in ya tuna. Ya yi magana da wani gidan marayu a cikin birnin Kano, suka yarda za su karɓi yaran kangon da ba su da uwa ba su da uba. Ya bi ta hannun mai unguwa, mai unguwa ya kira dattijon kangon, Baffa Mahbub, wanda yayan mahaifin Datti ne. Baffa yana da nasa yaran rututu, abin da za su ci ma aiki ne. Ya ba da marayu biyu na haƙiƙa, ya ƙara da Datti.

Alhaji ya ce, "Shi wannan uban fa?"

"An kashe shi."

"Innarsa fa?"

"Innarsa ta rasu da damina."

Ku duba da kyau. Baffa bai yi ƙarya ba, wadda yaron yake kira Inna ta rasu. Alhaji kuma uwa yake nufi, ya ji uwa ta rasu, ya yi salati ya ce Allah sarki. Kalma ɗaya, kowa da abin da ya ji. Matan kangon duk sun san gaskiya, amma wa zai je ya tambayi mace ra'ayinta a kan ɗanta na fari? Ai tozarta ta ne. Saboda tsabar ladabi aka mayar da yaro maraya uwarsa tana numfashi.

Da labari ya iso wa Gwaggo, ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba, ta sami Alhaji a rumfarsa. Gaisuwar ma a tsaitsaye aka yi ta.

"Alhaji, tun yaushe aka fara kai mai uwa gidan marayu?"

Ta warware masa komai. Alhaji ya saurare ta yana jan carbi. Ya ce:

"Gwaggo, na ji, kuma wallahi ban sani ba. Amma baffansa ne ya ba ni shi a gaban mai unguwa. Ba zan tsallake maganar baffa in ɗauki taki ba, ke maƙwabciya ce. In uwar ta ce tana son ɗanta, magana ta ƙare. Amma daga wajenta zan ji."

"Ka san ba za ta iya faɗa ba."

"To ni ma ba zan iya faɗa mata ba."

Gwaggo ta tare Sa'adiya a bakin famfon burtsatse da la'asar, ta jira sauran mata suka ɗauki jarkokinsu suka tafi.

"Kin ji za a tafi da shi?"

"Na ji."

"Sai me kika ce?"

"Gwaggo, ba ni da baki a kansa."

"Wa ya cire miki bakin? Nuna min shi."

Sa'adiya tana ta murza hannun jarka. Ta ce, "Can zai ƙoshi. An ce har katifa gare su."

"Ban tambaye ki katifa ba. Kina so ya tafi?"

Sa'adiya ta kawar da kai.

"Da ke nake, 'yar nan."

"Ko ba na so, ta ina zan faɗa? Gaban Baffa? Gaban maza? Su Inna Hajjo su ce mi?" Inna Hajjo ita ce babbar tsohuwar kangon, wadda duk matan suke tsoron bakinta.

Gwaggo ta sassauta murya, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Saurara. Kunyar nan ba hauka ba ce, ni ma a cikinta na tashi. An ce uwa ta ja baya ne don kaka ta matso ta rungume. Da kin ja baya, akwai mai ɗauka. Yanzu kin ja baya, wa ya matso? Bango. Bango kike wa kara, Sa'adiya."

Sa'adiya ta ɗora jarka a ka, ruwa yana zubo mata a fuska, ba ka gane wanne ne ruwa wanne ne hawaye. Ta kama hanyar kango.

Ranar tafiya motar gidan marayun ta iso da sassafe, rana ba ta gama ɗagawa ba. Ga Alhaji, ga mai unguwa, ga Baffa Mahbub, ga wata ma'aikaciyar gidan mai fara'a. Can gefe kuma a-kori-kura tana jiran mata, ranar Lakwaya za a je roron wake. Marayun nan biyu Gwaggo da kanta ta yi musu wanka, ta shafa musu mai, ta ƙulle musu ƙosai a leda, ta ce wa ma'aikaciyar ƙaramin ba ya son a kashe fitila, a kula. Ta sa su a mota tana ta faɗan da ba shi da dalili, don kar a ga idonta.

Datti kuwa ta zaunar da shi a cikin zaure, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayin koko a hannu.

Baffa ya ce, "Gwaggo, ba mu hanya. Ɗan ƙanena ne, jinina ne."

"Jininka ne, amma ba kai ka zubar da jini ranar da aka haife shi ba."

"Subhanallahi! A gaban mutane? Ke ba ki san al'adarmu ba."

"Ni? Kakata da ƙwaryar nono a ka ta tsufa a Madadi. Kar ka koya min abin da na sha a nono, Malam. Al'adar ta ce a ba kaka, ba ta ce a ba mota ba."

Mai unguwa ya ce, "Ikilima, a bi a hankali mana."

"Ranka ya daɗe, a hankalin ne ya kawo mu nan. Kowa yana bi a hankali har an kusa sa yaro a mota."

A lokacin Sa'adiya ta riga ta kawo Mansura ta ajiye, ta hau bayan a-kori-kura ta takure a cikin mata, zanen goyon yana hannunta. Alhaji ya matsa kusa da motar, ya kawar da kai gefe don kar ya kunyata ta, ya ce:

"Baiwar Allah, in kina da magana a kan yaron nan, ki faɗa. Ba mai takura miki."

Inna Hajjo tana zaune kusa da ita, ta zuba mata ido. Sa'adiya ta sunkuyar da kai. Direba ya danna ham.

Mai unguwa ya ce, "To, ta yi shiru. Ke nan ta yarda."

Gwaggo ta ce, "Ba ta yarda ba!"

"Ikilima, alƙawari aka yi. Daga bakinta za a ji, ba naki ba."

Gwaggo ita ma ta san haka aka yi da Alhaji. Ma'aikaciyar ta raɓa ta gefenta a hankali, ta kamo hannun Datti. Yaron bai yi kuka ba, bai yi turjiya ba. Ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinsa a hannu ya biyo ta, kamar wanda ya saba a ce masa tashi ya tashi. Wannan ne ya fi komai ciwo a wurin.

Sai aka ji ƙarar ƙarfen bayan a-kori-kura. Sa'adiya ce ta diro.

Ta ratsa ta tsakiyar maza, ba gaisuwa, ba rusunawa, ba cire takalmi. Ta wuce Baffa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta isa wajen Datti ta zare hannunsa daga na ma'aikaciyar, ta duƙa, ta cilla shi a baya, ta ja zanen ta ɗaure tam a ƙirji. Yaron ya yi girma da goyo, ƙafafunsa har gwiwarta suke reto. Ya sandare na ɗan lokaci, bai san me ake yi da wannan bayan ba. Sannan ya kwantar da kai.

Ba ta ce komai ba. Ta tsaya kawai, idonta a ƙasa.

Alhaji ya ce, "To. Na ji."

Baffa ya ce, "Me ka ji, Alhaji? Ai ba ta yi magana ba!"

"Malam Mahbub, ni dai na ji. Hajiya, ku tafi da biyun, Allah ya raya su."

Gwaggo ta saki wata guɗa da sai da awakin maƙwabta suka watse. Direban a-kori-kura ya leƙo ya ce, "Ke mai goyon ƙato, za ki ko ba za ki ba?" Sa'adiya ta juya ta kama ƙarfe ta hau da shi a bayanta. Gwaggo ta biyo motar da ludayi tana cewa:

"Ke! Sauke min ɗalibi, yau akwai karatu!"

Ba ta sauke shi ba. Ranar a gonar wake ya wuni, Gwaggo kuma ta ce ta yafe fashin.

Kar ku ɗauka an tafa mata. Kafin yamma magana ta zaga kangon. Inna Hajjo ta ce tunda take ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, mace ta goya ɗan fari a gaban surukinta. Matan suka daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Baffa ya ce tunda ta nuna ita ce mai iko, ya cire hannunsa, ta ci da shi ta sha da shi. Ya faɗa ne don ta ji tsoro. Gwaggo ta aika a gaya masa an gode, dama hannun bai yi nauyi a kwanon ba. Ta share ɗakin da Zulaihat ta bari, Sa'adiya ta naɗo tabarmarta ta dawo da yaranta biyu.

Na san akwai masu cewa Gwaggo ta ɓata wa mutane al'ada, ta zuga yarinya ta raina manya. Ku faɗa. Amma duk mai faɗa ya fara gaya min a ɗakin wa yaron zai kwana.

Har yau Sa'adiya ba ta kiran sunansa, "kai" take ce masa. Shi ma Adda yake ce mata. Gwaggo ta ce su kira juna duk abin da suka ga dama, ba ruwanta, tunda dai ta san inda ake mayar da shi in an tashi. Ya fara magana kaɗan-kaɗan, yawanci in wani ya taɓa masa marafan ƙirgarsa.

In Sa'adiya ta sauko daga motar gona da yamma, duk gajiyar da ta kwaso, sai ta saɓi Mansura a kafaɗa ta goya Datti a baya, ta bi ta gaban kangon da su zuwa famfo. Rannan wata daga cikin matan ta kasa haƙuri ta ce mata:

"Ke Sa'adiya, ba ki jin nauyi? Wannan ai ya wuce goyo."

Sa'adiya ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Lokacin da bai wuce ba ban goya shi ba. Ku ƙyale ni."